Wasiƙa Zuwa ga Taubashina na Yendi a kan Kofin Ƙalubale

 Ka gaishe mini da kawu da kyau, ka ce masa ƙanwarsa tana nan lafiya a Salaga, kuma har yau tana mamakin yadda mutum mai nutsuwa irinsa ya haifi mai goyon bayan Hearts of Oak. Na ce mata ta yi haƙuri, albasa ce ba ta yi halin ruwa ba.

Labarinka ya iso mu. Direbobin da ke bin hanyar Bimbilla sun ce ka addabi kowace majalisar shayi a zangon Yendi da lissafi guda ɗaya. Wai Hearts ta ɗauki kofin ƙalubale na Ghana sau 12, ita kuwa Asante Kotoko, har da wanda ta ɗauka a watan Yunin 2025, sau 10 kacal. Sun ce ko gaisuwar mutuwa ka je, da an shafa fatiha sai ka fara ɗaga yatsu, in naka sun ƙare ka ari biyu a hannun na kusa da kai. Ban musa lissafin ba, haka yake a rubuce. Tambayata ita ce, a cikin kofunan nan wanne ka gani da idonka? Yawancinsu an ɗauke su ne tun kana goye, sauran kuma a rediyo aka ba ka labari. Akwai dai wani wasan ƙarshe da aka kawo mana har ƙofar gida, muka gan shi ido da ido ni da kai, kuma shi ne wanda in an ɗauko zancensa sai ka tuna ba ka yi la'asar ba. Ranar Lahadi ce, 29 ga Oktoba, 2017, a Tamale.

Tunda mantuwa ta kama ka, bari in faro maka daga tushe. An fara gasar nan a 1958, shekara guda bayan samun 'yancin kai. Kotoko ce ta fara ɗauka, kuma ku ta doke a wasan ƙarshe, don haka ciwon naka na gado ne. Daga 1962 zuwa 1965 Real Republicans, ƙungiyar da aka haɗa a zamanin Kwame Nkrumah da zaɓaɓɓun 'yan wasan ƙasa, ta riƙe kofin shekara huɗu a jere. Bayan 2001 gasar ta kwanta barci kusan shekara goma, sai a kakar 2010 zuwa 2011 aka tashe ta da kuɗin kamfanin MTN, shi ya sa yanzu sunansa ke manne da ita. Tsarinta kuwa sili-ɗaya-ƙwale ne. Ƙananan ƙungiyoyi su fara tankaɗe junansu, sannan a zo zagayen 'yan 64 inda manyan Firimiya ke shigowa a cakuɗa su da na rukuni na ɗaya da na biyu. Daga nan 32, sai 16, sai 8, sai 4, sai biyun ƙarshe. Wasa shida ke nan tsakanin ƙungiya da kofi. Babu gida da waje, babu "za mu rama a zagaye na biyu". In an tashi kunnen doki a je bugun fenareti, wanda ya faɗi ya nemi motar garinsu. Wanda ya ɗauka shi ke wakiltar ƙasa a kofin Confederation na Afirka.

Na san dalilin da ya sa ba ka ƙaunar wannan tsari. A gasar lig mutum irinka yana da wata tara na kawo uzuri: yau ruwan sama, gobe alƙalin wasa, jibi an hana 'yan wasa alawus. Kofin ƙalubale ba ya ba mai surutu wannan sarari. Minti casa'in ne, sai a ga wanda ya yi shiru.

A 2017 kowa ya san ku ake ba kofin tun kafin a buga. Kuna da Winful Cobbinah yana raba ƙwallo a tsakiya, kuna da Patrick Razak yana gudu a gefe, ga kyaftin Thomas Abbey yana cin ƙwallaye, ga kocinku Frank Nuttall ɗan Scotland. A teburin lig, wanda Aduana Stars ta Dormaa ta lashe, kun gama a samanmu. Mu kuwa shekarar ta zo mana da nauyi. Mun fara da koci ɗan Kuroshiya, Zdravko Logarusic, ba a je ko'ina ba aka sallame shi, aka kawo Steve Polack. Sannan daren 12 ga Yuli, ƙungiyar tana komawa Kumasi bayan wasa da Inter Allies, motarta ta yi haɗari a kusa da Nkawkaw. Kofi Asare, ɗaya daga cikin masu kula da kayan wasa, ya rasu. Polack da wasu 'yan wasa suka ji rauni. A nan babu zolaya, kuma na shaida kai ne ka fara kira na kana jajantawa. Na ambata ne kawai don ka tuna irin ƙungiyar da ta iso Tamale: wadda ta fito daga asibiti da makoki wata uku da rabi kafin ranar.

Kafin mu shiga filin, akwai wani abu da na daɗe ina ajiye maka. A wasan kusa da na ƙarshe mu mun fitar da Medeama ta Tarkwa. Ku wa kuka fitar? Wa All Stars. Ƙungiyar da a 2016 ta zama ta farko daga arewacin Ghana da ta taɓa lashe gasar Firimiya. Da sun wuce ku, da an ga ƙungiyar arewa tana buga wasan ƙarshe a filin arewa. Kai kuwa, ɗan arewa, jikan masu cin tuwon zafi da miyar kuka, ka hau babur kana zagaya Yendi kana danna oda saboda mutanen bakin teku sun kori 'yan'uwanka. Alhakin mutanen Wa ne ya bi ka har Tamale.

Daga Yendi zuwa Tamale wajen kilomita ɗari ne kawai, amma an ce tun asuba ka fito, kamar mai zuwa Makka a ƙasa. Ni na taso daga Salaga a motar da ta tsaya kusan kowane ƙauye tana ɗaukar doya, na iso na same ka a bakin filin ka shafe fuska da ja da rawaya da shuɗi, har wata tsohuwa mai sayar da koko ta ja jikanta gefe. Filin nan da aka gina don gasar kofin Afirka ta 2008, mai ɗaukar mutum wajen dubu ashirin, ya cika ya batse. Rabon da ƙungiyoyin biyu su haɗu a wasan ƙarshe na wannan kofi tun 1990. Ka ce mini in zauna kusa da ƙofa don in samu saurin fita.

Ba ka gama gyara zama ba Saddick Adams ya zura ta farko. Ka ce ba komai, an tsokano tsuliyar dodo. Ya ƙara ta biyu, ka ce dama Hearts sai an taɓa ta take farkawa. Kafin alƙali ya busa hutun rabin lokaci ya cike ta uku. Mutum ɗaya, rabin wasa ɗaya, ƙwallo uku, a ragar ƙungiyar da aka kafa tun 11 ga Nuwamba, 1911. Na juya in yi maka sannu sai na ga zufa ta haɗa launukan fuskarka uku sun koma launi guda wanda ba shi da suna. Mai ruwan leda ya zo wucewa, ka saya, ka riƙe a hannu, ka manta ba ka sha ba.

Bayan an dawo Thomas Abbey ya rama guda. Yadda ka yi tsalle, wanda bai san lissafi ba sai ya ɗauka kofin aka miƙo maka. Kuka yi ta kai hari, golanmu Felix Annan ya yi ta kaɗewa, aka tashi 3 da 1. Ni da aka ce in zauna kusa da ƙofa sai da na ga an ɗaga kofi. Kai kuma ban san ta inda ka bi ba. Wayarka ta mutu a daren, ta kwana a mace, kuma da ta farfaɗo sai ka ce mini matsalar layi ce, alhali kamfanin layin ne ma ya ɗauki nauyin wasan.

Uzurorinka na bayan nan duk na adana su. Da farko ka ce zafin Tamale ne ya kashe wa yaranku jiki, sai ka ce 'yan Kumasi a cikin firji aka rene su. Daga baya ka ce an binne wani abu a bakin raga. In haka ne malamin ya iya aiki, tunda an sauya raga bayan hutu amma sakamakon bai sauya ba. Da ɗan jarida Anas Aremeyaw Anas ya fitar da binciken nan nasa na Number 12 a watan Yunin 2018, aka ga jami'ai da alƙalan wasa suna karɓar na goro, har aka rushe shugabancin hukumar ƙwallo aka dakatar da wasanni, sai ka zo mini da murna wai ga shaida. Shaidar me? Abin da binciken ya jawo shi ne gasar 2018 ba ta kai ƙarshe ba, ta 2020 kuma annobar korona ta cinye ta. Ma'ana kofin da ka je Tamale ɗauka ya zauna a Kumasi har 2021 ba mai taɓa shi.

Na san abin da ke bakinka, bari in riga ka. CARA ta Brazzaville, Fabrairun 2018. E, kofin Tamale ne ya kai mu Afirka, kuma a Kumasi aka ba mu fenareti huɗu a wasa ɗaya muka zubar da uku, har da na shi Saddick ɗin. Muka ci 1 da nema, aka rama a can, aka fitar da mu a bugun fenareti, Polack ya rasa aikinsa. Ka yi dariyarka, halal ɗinka ce. Za ka kuma ɗauko Janairun 2005, da kuka doke mu a fenareti a cikin Kumasi kuka ɗauki kofin Confederation na farko. Wannan ma na bar maka. Amma in ana zancen fita waje, ka riƙa sassauta murya. A 2021, da Samuel Boadu ya haɗa muku lig da kofin ƙalubale, bayan kun sha da ƙyar a hannun Ashanti Gold da fenareti 8 da 7, ai kun je Casablanca. Wydad ta ba ku 6 da 1. A 2022 kuka sake ɗauka a kan Bechem United, kuka je Bamako, Real ta can ta ba ku uku babu ko ɗaya. Mu dai mukan zubar da namu da ƙafarmu, ku kuwa buhu kuke tafiya da shi a cika muku. A kakar 2025 kuma wasu yara 'yan rukuni na ɗaya, Golden Kick, su suka yi waje da ku a fenareti. Mu muka tarye su a wasan ƙarshe muka rama muku 2 da 1, har yau ba ka aiko da godiya ba.

Wani abin da ban taɓa ganewa ba shi ne abin da ya haɗa ka da Hearts tun farko. Ni in na bi Kotoko ina da hujja. Salaga da Kumasi goro ya haɗa su tun kafin a san ƙwallo. Daga dazukan Asante ake ɗauko shi a kawo kasuwarmu, fatake su taso daga Kano da Katsina da jakuna, su yi watanni a hanya, su zo Gwanja su saya. Sai da Turawan Ingila suka ƙone Kumasi a 1874 cinikin ya fara karkata, yaƙin basasar 1892 kuma ya watsa garin, malamai irin su Alhaji Umaru suka koma Kete-Krachi, wasu Yeji, wasu Kintampo, wasu zangon Kumasi. Don haka rabin danginmu suna can, kuma babban filin wasan garin sunan ɗan zango yake ɗauke da shi, Baba Yara. Ku ma in za a bi tarihi Kumasi ta fi kusa da ku, tunda kambonsi, 'yan bindigar Dagbon, salonsu daga Asante ya zo. Alamar Kotoko beguwa ce, kowane maharbi a Yendi ya san ta, ya kuma san abin da ke samun karen da ya matsa mata. Alamar Hearts fa? Wani itacen ƙasar Turawa. Ka zagaya daga Yendi har Gushegu, kuka za ka gani da kaɗanya da ɗorawa. Kana ta ihu a kan itacen da ba ka taɓa zama a inuwarsa ba, na wani gari da sai ka kwana a mota kafin ka gan shi.

Fataken nan da na ambata, ka san ta Yendi suke biyowa. Su sauke kaya, su kwana, su shayar da jakuna in an dace kogin Daka bai ƙafe ba, da safe su ɗaura su nufo Salaga. Tun zamanin nan garinku ya saba ganin abin arziki yana wucewa. Masana taswira ma sun ce layin nan da aka raba duniya gabas da yamma da shi, wanda ake ƙirgawa daga sifili, ta Yendi ya ratsa. Kullum kana alfahari da wannan. Ni ma na yarda sifilin nan naku ne, don na duba jerin waɗanda suka taɓa ɗaukar kofin tun 1958 na same shi a gaban sunan garinku.

Kada ka yi saurin cewa Salaga fa. Na duba, mu ma shi ne. Na duba Bawku, shi ne. Tamale, Bolga, Wa, duk shi ne. Har zuwa 2025 babu ƙungiyar arewa ko ɗaya da ta taɓa ɗaga kofin nan. Abin da ya fi ci mini rai, wannan ita ce gasar da ƙaramin gari ke iya ci. Lig sai mai kuɗin biyan albashi da man mota na wata tara. Kofi kuwa wasa shida ne, gola mai zuciya, da yara goma da ba sa jin tsoron riga. Dubi waɗanda suka ɗauka tun da aka farfaɗo da ita. A 2011 Nania, tana rukuni na ɗaya, ta doke mu 1 da nema (ka ga ban ɓoye ba). A 2012 New Edubiase. Medeama sau biyu, 2013 da 2015, duk a kanmu, kada ka ce na tsallake. Bechem United a 2016. Dreams ta Dawu a 2023, wadda daga nan ta je har wasan kusa da na ƙarshe a Afirka kafin Zamalek ta tsayar da ita. Nsoatreman a 2024. Ɗan kawu, don Allah Nsoatre ta fi Yendi girma? New Edubiase tana da fada irin ta Gbewaa? Garin da Ya-Na, sarkin Dagbon, ke zaune, garin da ya tari bindigogin Jamus a Adibo a 1896, garin da mayaƙin nan Babatu ya zo ya ƙare kwanansa, an rasa yara sha ɗaya da za su ci wasa shida.

Ku ne ma ba ku da uzuri ko kaɗan. Filin da ka sha kashi a cikinsa, 'yan makonni bayan wasan aka sa masa sunan Alhaji Aliu Mahama. Haifaffen ina ne? Yendi, 1946. Mataimakin shugaban ƙasa daga 2001 zuwa 2009, Musulmi na farko da ya riƙe muƙamin, kuma yana cikin waɗanda suka kafa Real Tamale United a shekarun 1970, ya shugabance ta. Ɗan garinku ya gina wa arewa ƙungiya, kai ka tsallake ta ka tafi Ankara, wato Accra, neman ta aro. A RTU ɗin nan Abedi Pele ya fito, yana ɗan shekara 17 aka tafi da shi Libiya a 1982 Ghana ta ɗauko kofin Afirka. Da ya gama yawonsa a waje, bayan ya buga a Marseille ya zama gwarzon Afirka sau uku a jere, ya dawo ya riƙe ƙungiya mai sunan wani yanki na Paga, wato Nania, amma a Ankara ya ajiye ta. Ka ga ko ranar da sunan arewa ya hau kofin, adireshin na kudu ne. RTU kuwa ta faɗi daga Firimiya a 2013, ta dawo a 2021, ta sake faɗawa a 2024. Wa All Stars da kuka kora, an sayar da ita, an kai ta Ankara, an sauya mata suna zuwa Legon Cities. Ƙungiyar Gbewaa taku ta Yendi ta ɗan leƙa rukuni na ɗaya, kuma zan rantse ba ka taɓa biyan kuɗin ƙofa ka kalle ta ba. Ta katanga kake leƙe, in an ci ku ka ce dama yaran ba su da koci.

Ba ƙafa muka rasa ba. Mubarak Wakaso, Abdul Majeed Waris, Baba Rahman da ya je Chelsea a 2015, Abdul Fatawu Issahaku da ya tashi daga Steadfast ta Tamale ya je Sporting ta Lisbon sannan Leicester, duk ƙurar arewa suka sha. Abin da ke faruwa shi ne yaro yana fara iya juya ƙwallo sai a sa shi a motar dare. Wanda ya rage kuma ƙungiyarsa tana shiyya ta ɗaya, inda aka haɗa arewa duka da yankin Bono, wasan waje ɗaya sai ya cinye kuɗin da aka tara a wata. Mai ƙungiya yakan zama mutum ɗaya, ranar da ya gaji ko kasuwa ta juya masa baya, ƙungiya ta mutu. Mu kuma da ya kamata mu cika masa fili muna gidan kallo muna rantsuwa a kan Arsenal.

Wannan ya kawo ni kan ƙaninmu na Bawku, Mai Albasa, wanda na san zai karanta wannan a bakin rumfarsa ya ce shi ba ruwansa. Da ruwanka, malam. Kasuwar Bawku kwana uku-uku take ci, kuma kusan haka yake sauya ƙungiya. A Tamale da rigar Hearts ya shigo, na gan shi, amma da aka tashi a cikinmu ya fito yana rawa, ya juya rigar ciki ya koma waje. In ka tambaye shi sai ya ce shi ɗan kan iyaka ne, Burkina na nan Togo na nan, dole mutum ya iya zama da kowa. A 2023 ya ce ya samu ƙungiyar tsakani da Allah, King Faisal ta Alhaji Grunsah, ƙungiyar 'yan zango. Suka kai wasan ƙarshe, Dreams ta ba su biyu babu ko ɗaya, kuma a kakar nan ɗin suka faɗi daga Firimiya. A 2024 ya koma Bofoakwa Tano ta Sunyani. Ita ma ta kai wasan ƙarshe, ta faɗi a fenareti, ta kuma faɗi daga Firimiya. Tun daga nan nake roƙonsa, in yana ƙaunar zumunci, ya bar Kotoko ta sha iska ya dawo wajenka.

Shi dai yana da abin faɗa fiye da mu. A 2017 ɗin nan Bolga All Stars tana Firimiya, amma saboda jiharsu ba ta da filin da hukuma ta amince da shi, a Tamale take karɓar baƙi, sama da kilomita 150 daga gida. Ƙungiyar da ko wasan gida sai ta yi tafiya, ba a yi mamaki ba da ta ƙare a ƙarshen tebur. Ga kuma halin da Bawku ke ciki na rikici da dokar hana fita, wanda ya sa yaro ba ya tunanin atisayen yamma balle kallon wasan dare. Wannan ba abin wasa ba ne, Allah ya kawo musu zaman lafiya mai ɗorewa. Kai fa, me ya hana ka? Tun Janairun 2019 da aka naɗa Ya-Na Abukari na biyu gari ya lafa, ana Damba, ana biki, ana ciniki. Abin da ya rage muku ruwan famfo ne da ƙungiya, kuma na ga alama ruwan zai riga zuwa.

Za ka ce Salaga mai rijiyoyi ta yi me. To, mu tun 2019 aka yanke mu aka kai jihar Savannah, hedikwatarmu Damongo, sai mun bi ta Tamale kafin mu je gaida gwamnatinmu. In za mu kudu kuwa sai mun jira jirgin ruwa a Makango ya tsallakar da mu Yeji. Ƙungiyar da za ta je wasa ta tarar jirgi ya tashi, ai an ci ta tun a bakin ruwa. Ka ga nawa uzurin ya fi naka tsari, don na fi ka iya shirya shi.

Yanzu maganar bashi. Ni ɗan mace ne, kai ɗan namiji, kuɗin shara a wuyanka yake kowace Muharram, kuma tun shekarar Tamale kake kauce mini. Duk daren bikin wuta na Bugum, in na kira, sai ka ce kana cikin taron wuta ba ka ji. Na yafe kuɗin, ba na so a hannuna. Ga abin da za ka yi da su. Akwai yaran nan da ke buga ƙwallo da yamma a filin makarantar da ke bayan gidan kawu, waɗanda ka ce mini suna neman shiga rukuni na biyu amma ba su da kuɗin rajista. Ka biya musu. Mai Albasa ya yi alkawarin ƙwallaye da raga, da sharaɗin ba zai goyi bayansu ba, don kada abin da ya sami King Faisal ya same su. Takalma a raba tsakaninku. Ni na ɗauki riguna, har na kai wa tela yadi a kasuwar Salaga, ya ce bayan sallar Juma'a ta sama a zo a karɓa. Saiti biyu ne, na gida da na waje, kuma duka ja ne.